Jan Maki a Aikin Mai Tabarau

Assalamu alaikum, masu bibiya. Ke da kika rubuto a ƙasan kashin da ya wuce cewa ruwan ido ne zai kashe ni, na gani, na kuma gode. Karanta na yau tukuna, sannan ki sake yanke hukunci.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce ta biyu a gidanmu, na gama karatu, ina aiki, ban yi aure ba. Wannan na ƙarshen shi ke hana Gwaggo, yayar Abba, sukuni. Ita ta laƙaba mini Alƙaliya, wai duk namijin da ya zo sai na gurfanar da shi. Ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Na sallami wani saboda ya ce mini yana kan hanya, alhali ina jiyo ƙarar fankar ɗakinsa ta waya. Wanda zai yi maka ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba, ranar babban abu sai dai Allah ya kiyaye.

Daga nan Gwaggo ta kawo ɗan ƙawarta. Ita Injiniya take ce masa, da ƙarfi, don maƙwabta su ji. Ni da Yayata, wadda ke gidan mijinta, Mai Tabarau muke ce masa. Dogo ne, siriri, maganarsa a hankali kamar mai tsoron kada ta zube. Rigarsa kullum a goge, takalminsa kuwa ya ga duniya. Abba ya ce ba zai yi mini dole ba, amma ba zai bar ɗan mutane yana sintiri babu amsa ba. Kafin wata ya ƙare in ce eh ko a'a.

A nan muka tsaya.

To, aikina. A ofishinmu gwaji muke yi. Kun san manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da mutum zai ba su aiki su je su yi masa, su biya kuɗin kaya, su tura wa wani, su duba ko ya shiga. Mu 'yan aike muke ce musu. Ɗan aiken nan ba shi da maƙwabcin da zai leƙa ya tambaya. Abin da kamfani ya rubuta masa a bayanin manhajarsu, shi kaɗai ya sani. In an rubuta daidai, ya yi daidai. In an bar rami, da gudu zai faɗa, ba ya ko waiwaye. Nawa shi ne in ɗauki bayanin, in miƙa wa sabon ɗan aiken da bai taɓa ganin manhajar ba, in naɗe hannu in zuba ido. Ba a yarda in taimaka masa da ko kalma ɗaya ba. Bayan nan in rubuta rahoto, a buga kowa ya gani. Koren maki, a yi amfani da manhajar. Ja, a dakata.

Ranar Litinin na shiga ofis da doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, na ajiye jaka, na kunna kwamfuta. Sabon aiki yana jira: manhajar tura kuɗin kirifto a kan bulokcen. Abu ɗaya ya kamata ku sani game da bulokcen. Abin da aka tura ya tafi. Babu manajan bankin da za ka je ka yi wa kuka, babu "a yi haƙuri, kuskure ne". Zarar bunu ce.

Na duba sunan kamfanin, inda Mai Tabarau yake aiki ne. Na duba sunan wanda ya rubuta bayanin, na cire hannuna daga kan tebur kamar na taɓa wuta.

Abokin aikina da teburinsa ke kallon nawa, wanda muke kira Sarkin Shayi don kofin shayi ba ya barin hannunsa, ya leƙo ta saman kwamfutarsa.

"Lafiya? Kin ga aljani ne?"

"Gara aljanin."

Ban tsaya shawara da zuciya ba, don na san ta, ba ta da ƙashi. Na miƙe na ƙwanƙwasa ƙofar Shugaba. Mace ce mai furfura kaɗan a goshi, ba ta dariya kafin azahar.

"Ranki ya daɗe, wanda ya rubuta bayanin nan yana neman aurena."

Ta ɗago. "Kina son sa?"

Tambayar da Abba ya ba ni wata guda in amsa, ita tana so a tsaye.

"Ban ba da amsa ba tukuna."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba, amma na ji." Ta rufe fayil ɗin gabanta. "Ke kaɗai nake da ita da ta san kayan bulokcen ciki da waje. Ki yi gwajin. Wancan mashayin shayin zai maimaita komai a tasa kwamfutar ba tare da ya ga naki ba. In sakamakonku ya bambanta, ke zan fara tambaya. Za mu kuma rubuta a kan rahoton cewa kin san marubucin."

Na dawo na ɗauki waya na rubuta masa: "Aikinku ya zo teburina. Na sanar da shugabata. Daga yau har rahoto ya fita, kada mu yi maganarsa."

Ba a jima ba amsa ta shigo: "Na ji. Allah ya ba ki ikon yin adalci. Kin karya kuwa?"

Shi ke nan. Babu "ki duba ni", babu hoton fuska mai hawaye. Na kifa wayar.

Zan gaya muku gaskiya, na buɗe bayanin nan ne ina neman laifi. Na saba. Yawancin masu rubuta wa 'yan aike bayani, a gajiye suke yi, ranar ƙarshe, bayan an gama komai. Sai ka ga misalin da in ka gwada ba ya aiki. Sai ka ga an ce "saka adadi" ba a faɗi ko da cikakken kuɗi ake nufi ko da ƙananan ɓarinsa ba, ɗan aike ya tura abin da ya ninka wanda aka sa shi. Sai manhaja ta ce "an samu matsala" ta yi shiru, kamar likitan da zai ce maka ba ka da lafiya ya tashi ya fita. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, cin amana ne, ko da mai yin sa yana sanye da kwat.

Na Mai Tabarau ba haka yake ba.

Layin farko ma gargaɗi ne. Ya rubuta wa ɗan aiken cewa abin da ka tura ba ya dawowa, don haka kafin ka tura komai, karanta wa mai kuɗin adireshin da adadin da ladan tura, ka jira ya ce eh da kansa. Ya raba filin gwaji da filin gaske, ya sa wa kowanne alamar da makaho ma zai shafa ya gane. Kowane umarni ya faɗi abin da yake buƙata, da abin da zai dawo da shi, da misali. Na kwafi misalan ɗaya bayan ɗaya, duk suka yi aiki. Inda manhaja za ta ƙi, ya rubuta dalilin ƙin da abin da za a yi bayansa. A wurin mabuɗin sirrin asusu ya rubuta: "Kada ka nuna shi ga kowa, ko da wanda ya tambaya ya ce shi ne mai asusun. In mai asusun ne, ba ya buƙatar ka nuna masa."

Har da wani sashe da ban taɓa gani a bayanin kowa ba: abubuwan da wannan manhaja ba ta iya yi. Mutum ya zauna ya lissafa gazawar kayansa da hannunsa, a zamanin da kowa ke tallan kansa kamar mai maganin gargajiya a tasha.

Na jingina da kujera. Mutumin nan ya zauna ya yi tunanin baƙon da ba zai taɓa gani ba, wanda ba zai taɓa gode masa ba, ya share masa hanya ya cire masa ƙaya. Ban san lokacin da na fara murmushi ba.

"Alƙaliya tana murmushi," in ji Sarkin Shayi, don sunan ya biyo ni har ofis ta bakin Yaya. "Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Sha shayinka."

Na saki ɗan aiken da kuɗin wasa na filin gwaji. Ya bi bayanin kamar wanda aka haifa a gidan. Na ba shi adireshin da na gurgunta da gangan, ya tsaya ya ce wannan bai cika ba. Na yi shigar ɓarawo na ce ya nuna mini mabuɗin sirri, ya ƙi cikin ladabi. Na ce ya tura ba tare da tambaya ba, ina sauri, ya ce sai ya karanta mini tukuna. Har ranar Laraba ban samu abin da zan ja wa layi ba.

Saura gwaji ɗaya, wanda ni na shigo da shi ofishin. Ina barin ɗan aike ya danna tura, sannan kafin amsa ta dawo masa, in sa hannu a bayan kwamfuta in zare wayar intanet. Don a duniyar gaske sabis yana ɗaukewa, kuma ba ya sallama kafin ya tafi. Kuɗi sun fita, amma ɗan aike bai ji an ce sun fita ba. Me zai yi?

Wallahi na daɗe hannuna yana kan wayar nan. Wata zuciyar ta ce, ai ba dole ba ne, ke kika ƙirƙiro shi, ki tsallake yau kawai. Na ce mata, ranar da kika tsallake wa wanda kike so, kin zalunci duk waɗanda kika zare wa a baya. Na zare.

Na mayar. Ɗan aiken ya duba bayanin yana neman abin da ake yi in an tura ba a ji amsa ba. Babu. Akwai umarnin duba ko kuɗi sun shiga, yana can wani shafi, amma ba a ce masa ya je can ba. Sai ya yi abin da kowane ɗan aike mai biyayya zai yi: ya ɗauka bai tafi ba, ya sake turawa. Mai karɓa ya samu sau biyu.

Na sake da sabon ɗan aike. Haka. Na sake. Haka.

Can da yamma na ji Sarkin Shayi ya ajiye kofinsa da ƙarfi, ya ce, "Kai!" Muka haɗa ido. Bai yi mini tsiya ba, abin da ya fi tsiyar ciwo.

Dokar ofishinmu a fili take. Ko bayani ya kai zinariya kyau, in ɗan aike zai iya biyan kuɗin mutum sau biyu ta dalilinsa, ja ne. Kuma wanda ya samu ja sai ya koma bayan layi a sake gwada shi, abin da kan ɗauki watanni. Su kuwa kamfanin Mai Tabarau sun riga sun yi alkawari da wasu manyan shaguna za su fara amfani da manhajar a ƙarshen watan, da sharaɗin koren maki.

Kafin a buga rahoto, akan aika wa kamfani abin da aka gano, a ba su 'yan kwanaki su kare kansu. Shugaba ta aika ranar Alhamis. Ranar Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina shanya, na ji sallamar Gwaggo tun daga ƙofa, irin sallamar da ba ta jiran amsa.

Ta shigo da mayafinta mai ruwan goro yana jan ƙasa, jakarta a hammata. Ba ta zauna ba.

"Ina Alƙaliyar? Zo nan, 'yar nema. Me yaron nan ya yi miki?"

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu. "Yaya, lafiya?"

"Ina lafiya! Uwarsa ta kira ni tana kuka. Ogansa ya tsare shi a ofis, ya ce ashe yarinyar da za ta kashe musu kasuwa budurwarsa ce, ya je ya lallashe ta ko ya nemi wani aikin. Ke wace irin yarinya ce? Mutane suna kai wa saurayi turare, ke kin kai masa takardar kora?"

"Gwaggo, ban kai masa komai ba. Aikina na yi."

"Aikinki! Aikin zai aure ki? Kuɗin ma an ce na wasa ne, ba na kowa ba!"

"Na wasa ne a teburina. In aka sake shi, na mai shago ne, na mai saye ne."

"To ki rubuta da ɗan sauƙi mana. Ki ce ƙaramin abu ne, za su gyara. Wa zai sani?"

"Abokin aikina ya sani. Shugabata ta sani. Ni na sani."

Gwaggo ta juya ga Umma ta tafa hannu. "Kin ji ko? Kin ga abin da boko ya yi mana. Haka za ta tsufa a gidan nan tana ba mutane maki."

Umma ba mai hayaniya ba ce. Ta jira Gwaggo ta shiga gaida Abba, ta matso ta karɓi zanen da ke hannuna ta shanya da kanta.

"Ba zan ce ki yi ƙarya ba," ta ce a hankali. "Amma na ga yadda kike duba wayarki kwanan nan. Ki tabbata abin da za ki riƙe ya kai abin da za ki saki."

Wannan ta fi duk ihun Gwaggo shiga jikina. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Saƙon Yaya ya shigo: "An ce kin harbe Mai Tabarau. Gawa ko rauni?" Na rufe saƙon. Na shiga wurin saƙonninsa. Tun ranar Litinin gaisuwa ce kawai, safe da yamma, ko sau ɗaya bai taɓo aikin ba. Sai ga sabo: "In Abba ya yarda, zan zo bayan la'asar."

Na ce a raina, to, yau za a yi ta. Zai zo ya roƙe ni, ni kuma in ƙi, in rasa shi. Ko ya roƙe ni in ji ya faɗi a idona, in rasa shi ta wata hanyar. Na sa doguwar riga shuɗiya mai ɗinkin zare a wuya, na canza ɗankwali har sau nawa, na shafa turare, na goge, na sake shafawa. Ku yi dariya, na yarda.

Na same shi a falo, a kujerar da ke kusa da taga, ruwan da Umma ta aika yana gabansa bai taɓa ba. Idanunsa sun faɗa. Muka gaisa.

"Na san mun ce ba za mu yi maganar ba," ya ce. "Amma takardar ta riga ta zo hannunmu, kuma na riga na aika amsa. Tambaya ɗaya gare ni."

Na riƙe gefen mayafina. "Ina ji."

"Da kika zare wayar, ɗan aiken ya ɗan tsaya yana nema, ko kai tsaye ya sake turawa?"

Na dube shi. "Ya nema. Ya bi shafin tura daga sama har ƙasa."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Ya nema bai samu ba. Allah sarki." Kamar yana maganar yaron da ya aika kasuwa ya manta bai kwatanta masa hanya ba. "Na rubuta masa abin da zai yi in an ce eh, na rubuta in an ce a'a. Ban taɓa tunanin in ba a ce komai ba. A ofis sabis ɗinmu ba ya yankewa, shi ya sa."

"Gwaggo ta ce Oganka ya aiko ka ka lallashe ni."

"Ya aiko ni."

"To?"

"To ga ni na zo, na gaishe ki. In ya tambaya zan ce na zo." Ya ɗan yi murmushi. "Na rubuta wa ofishinku cewa abin da kuka gano gaskiya ne. Na kuma ƙara musu da wani. Wurin mayar wa mai saye kuɗinsa ma haka yake yi, na gwada jiya. Ba ki kai nan ba."

Kunya ta kama ni, ta aiki. "Ban gwada nan ba."

"Ki saka a rahoton. Kuma ba a rubutu kaɗai gyaran yake ba, sai an taɓa manhajar kanta, ta riƙa gane cewa wannan turawar ta riga ta wuce. Na gaya wa Oga ko kun ba mu kore, ni ba zan sa hannu a sake ta a watan nan ba."

"Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

"Ba ka ji haushina ba?"

Ya ɗan yi tunani, don ba ya amsa tambaya da ka. "Daren farko na ji. Na ce me ya kai ta zare waya. Da gari ya waye na ga haushin kaina nake ji na rataya miki. Gara ke ki gano a teburinki da wata mai shago ta gano a asusunta."

Ku 'yan mata masu auna namiji da mota da agogo, ga ma'auni na ba ku kyauta. Ki duba yadda yake yi ranar da aka nuna masa kuskurensa, musamman in mace ce ta nuna. A nan ake sanin wanda za a iya zama da shi.

Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa. Bakina ya cika da magana, amma rahoto bai fita ba, ba na so amsata ta yi kama da ladan haƙuri ko toshiyar baki. Na ce ya gaida gida.

Ranar Litinin na rubuta rahoton. Na yabi abin yabo ba tare da rowa ba: na ce ban taɓa gwada bayanin da ya kai wannan tsabta da gaskiya ba, na ce sauran kamfanoni su je su koyi yadda ake gargaɗi da yadda ake faɗin gazawa. Na rubuta ramin, na rubuta na biyun, na ce marubucin ne da kansa ya nuna mana shi. Sannan na sa ja. Shugaba ta karanta, ta haɗa da na Sarkin Shayi, ta sa hannu. Ta dube ni ta saman takardar.

"Je ki wanke fuskarki kafin ki koma tebur."

Aka buga ranar Laraba. A ranar gaisuwar yamma ba ta zo ba. Ta safe ma haka. Na rubuta "Lafiya?" na ga alamar ya karanta, babu amsa. Yaya ta kira ta ce in kwantar da hankali, maza haka suke, sai sun gama lasar rauninsu. Gwaggo kuwa ta aiko wa Umma saƙon murya mai tsawo, ina jiyo shi daga ɗakina: an sallame shi, an karɓi katin shigarsa, sai Alƙaliya ta zuba ruwa a ƙasa ta sha.

Ranar Asabar da safe na yanke shawara. Rahoto ya fita, babu abin da ya rage a tsakani. Na yi wanka, na sa mayafi, na nufi ɗakin Abba. Gwaggo ta riga ta zo, tana falo da Umma, ta bi ni da harara har na wuce.

Abba yana zaune a kan darduma, rediyonsa a gefe an rage murya. Na durƙusa.

"Abba, na zo da amsar."

Ya kashe rediyon. "Kin makara kaɗan, uwata. Yaron ya riga ki. Yanzu ya fita daga nan."

Na ji kamar an zare mini ƙasa.

"Ya ce ya zo neman aurenki yana da aiki, yanzu ba shi da shi, kuma bai san ranar samun wani ba. Ya ce ba zai riƙe 'yar mutane da alkawarin da bai san ranar cika shi ba. Ya janye. Ya ce in gaya miki ba ki yi masa laifin komai ba."

"Me ka ce masa, Abba?"

"Na ce masa ni ba ɗan aikensa ba ne. Ba ni ya zo nema ba, ya faɗa miki da bakinsa." Ya nuna taga da haɓa. "Ga motarsa can ƙarƙashin bishiya. Ya kasa dawowa, ya kasa tafiya. Ke mece ce amsar taki?"

Na sunkuyar da kai. "Eh ce."

"To me kike yi a nan?"

Na fita ko takalmin kirki ban tsaya nema ba, silifas ɗin Umma na zura. Tsohuwar motarsa tana nan, gilashi a sauke, ya dafa sitiyari da hannu biyu. Da ya gan ni ya yi yunƙurin fitowa, na ce ya zauna.

"An ce ka janye."

"Haka ne. Ki yi haƙuri, ni..."

"Abba ni ya ba wa wata guda, ba kai ba. Watan bai ƙare ba. Amsata eh ce. Aiki kuwa, wanda ya rubuta abin da na karanta ba zai daɗe a zaune ba, in ma ya daɗe ina da nawa."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya kawar da kai.

"Ba aikin kaɗai ba ne. Ban iya gaya wa Abba ba." Ya saki sitiyarin. "Mahaifiyata ta yi rantsuwa. Ta ce yarinyar da ta raba ɗanta da abincinsa ba za ta taka mata gida ba, tana raye."

"Ka gaya mata yadda abin yake?"

"Na gaya mata. Ta ce so ne ya rufe mini ido."

"Tana gida yanzu?"

"Tana gida. Me..."

Na juya. Gwaggo tana bakin ƙofa, ta leƙo rabin jiki, wai ita shan iska take yi.

"Gwaggo! Ɗauko jakarki. Ke kika ƙulla, ke za ki raka ni wurin ƙawarki."

"Ni? Yau? Ke, matar nan in ta hau ko ni ba ta gani! Kina da hankali kuwa?"

"In za ta zage ni, ta zage ni ina durƙushe a gabanta."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi Injiniyanta, ta ce, "La'ilaha illallahu, na haɗu da gamona." Ta shige ciki, ta fito tana gyara mayafi tana mita, ta buɗe gaba ta zauna. Na shiga baya da silifas ɗin Umma a ƙafata, na ja ƙofa.

Mai Tabarau ya dube ni ta madubi, hannunsa a kan makulli.

"Tada motar," na ce.